Karatun Yaro a Gida: Me Ke Kashe Jadawalin da Aka Liƙa a Bango?

A watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona, gidaje da yawa sun yi abu iri ɗaya ba tare da sun haɗa baki ba. Aka samo farar takarda da rula, aka ja layuka, aka rubuta: ƙarfe takwas Lissafi, tara Turanci, goma Kimiyya, haka dai har ƙarfe ɗaya. Aka liƙa a bangon falo. Ni ma na yi nawa, har da jan biro don ya yi kyau. Ranar farko komai ya tafi daidai. Rana ta uku famfo ya ƙafe, safiyar ta ƙare a neman ruwa. Rana ta biyar aka kwana babu wuta cikin zafin bazara, yaran suka tashi suna hamma. Kafin a cika mako biyu takardar ta koma kayan ado, kusurwarta ɗaya ta ɓalle tana lilo, ni kuma na koma mafaɗaci, kullum sai an kai ruwa rana kafin a buɗe littafi.

Korona ta wuce, matsalar ba ta bi ta ba. A Amurka ko Ingila idan aka ce yaro yana karatu a gida, galibi zaɓi ne iyayensa suka yi, da ƙungiyoyinsu da littattafan da aka tsara domin haka. Mu a nan yawanci dole ce ke kawo shi. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 da 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana, wasu iyayen kuma ko da aka buɗe ba su mayar da nasu ba. A azumin 2025 Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu har bayan salla. Ga wanda kuɗin makaranta ya gagari ubansa a tsakiyar zango, ga mai ciwon sikila da kan rasa makonni a kwance, ga wanda aka cire shekara biyu don ya yi hadda. Duk waɗannan karatunsu ya dawo tsakar gida, ko an shirya ko ba a shirya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye a Nijeriya su sa yaro a makaranta na shekaru tara na farko, saboda haka maganata a nan ta riƙe yaro ce kada karatunsa ya zube, ba kiran a ƙaurace wa makaranta nake yi ba.

Kuskuren farko na takardar nan shi ne ta ɗauko makaranta ɗungurungum ta dire a falo. Awa biyar ko shida da yaro yake yi a aji ba duka ne karatu ba. Cire taron safe, cire kiran suna, cire jiran malami ya shigo, da kwafar rubutu daga allo, da tsawatar wa masu surutu, da fita tara. A ajin da ke da yara saba'in ko ɗari, wanda ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na biranenmu, sau nawa malami yake tsayawa a kan yaro guda ya saurari karatunsa? Wani yaron sai a yi mako ba a zo kansa ba. A gida kuwa daga kai sai shi, ido da ido, babu bayan wanda zai laɓe. Minti ashirin na irin wannan zama yana da nauyin da awa guda ta cikin aji ba ta da shi. Ka sa ɗan shekara bakwai a gaba na awa huɗu haka, ka ɗora masa abin da ko ɗan jami'a zai yi ƙorafi a kai.

A ƙiyasina, kuma kowa ya gwada a kan nasa, ɗan aji ɗaya zuwa uku awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta ishe shi a yini, a raba ta gida uku ko huɗu. Ɗan aji huɗu zuwa shida, awa biyu. Na ƙaramar sakandare, uku, kuma rabinta shi kaɗai zai yi. Wata malama 'yar Ingila, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, kuma masu koyar da 'ya'yansu a gida a can har yau suke bin hanyarta, ba ta barin darasin ƙananan yara ya wuce minti ashirin. Da ya cika a sauya zuwa wani abu daban, tun hankalin yaron bai tashi ba.

Kuskure na biyu ya fi zurfi: dogaro da agogo. Gidan Bahaushe da salla da girki da rana yake tafiya. Ka ce wa yaro ƙarfe tara, to ranar da tara ta wuce ana neman ruwa, a wurinsa da wurinka karatun yau ya riga ya lalace. Malaman allo sun warware wannan tun kafin agogo ya shigo gidajenmu. Zama na farko daga bayan asuba zuwa hantsi, a tashi. A dawo da rana zuwa yamma. A tsangaya a ƙara na dare a gefen wuta. Alhamis da Juma'a hutu. Babu wanda ya taɓa liƙa wannan a bango, amma babu kolon da bai san shi ba, domin kowane zama an ɗaure shi ne a jikin wani turke da ba ya motsi.

Abin da za a aro ke nan. A zaɓi turaku biyu ko uku a yini. Da an gama karin kumallo, kafin kowa ya miƙe daga tabarma, karatu da baki na minti ashirin, sai lissafi na minti ashirin. Idan kumallon ya makara, karatun ya makara tare da shi, amma bai faɗi ba. Da hantsi, rubutu. Tsakar rana a ƙyale shi, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi kan haura digiri 40 a irin su Sakkwato da Maiduguri. Babu ƙwaƙwalwar da ke ɗaukar rabawa a ƙarƙashin rufin kwano da ƙarfe biyu na rana. La'asar dama ta Islamiyya ce a gidaje da yawa. Bayan magariba, minti goma na tishi da ka, wanda ba ya buƙatar littafi balle a jira wuta. Gidan da ba na Musulmi ba ma yana da nasa turakun, addu'ar safe da lokutan cin abinci, aikin ɗaya suke yi. Sannan a kwanta da wuri: likitocin barci suna ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, kuma yaron da ya kai sha biyun dare a gaban talabijin, duk dabarar da za ka yi da safe a banza.

Sai ranakun da gida ya hargitse, suna ko biki ko rasuwa ko baƙi daga ƙauye, waɗanda a rayuwarmu ba sa yankewa. A nan jadawali yake mutuwa: a tsallake kwana ɗaya, ya zama uku, ya zama sai bayan salla. Maganinsa a yanke tun farko mene ne mafi ƙanƙantar abin da ba a bari ko ana ha-maza-ha-mata. Shafi ɗaya da lissafi biyar, minti goma. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Minti goman ba don abin da za a koya a cikinsa ba ne kawai, don kada igiyar ta tsinke ne.

To me za a zuba a waɗannan zaman? Yawancinmu littafin ajin da yaron yake muke ɗaukowa, mu ce ai ɗan aji biyar ne. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu mai sauƙi su fahimce shi. Lambar aji ba shaida ba ce. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta yi suna da gwajin da kowa zai iya yi cikin minti biyar: a nuna wa yaro baƙaƙe, sai kalmomi, sai 'yan jimloli, sai ɗan labari, a ga inda ya tsaya. A lissafi ma haka, daga gane lamba zuwa ɗebewa zuwa rabawa. Inda ya tsaya nan za a fara, ko da littafin aji biyu ne. Abin yana da ciwo ga uba, na sani. Amma malamin allo ba ya ɗora wa yaro farfaru bai gama babbaƙu ba don kawai ya yi tsawo.

Kuma taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha biyu. Karatu, rubutu, lissafi, su ne ginshiƙi, sauran darussa za su shigo ta cikin abin da ake karantawa. Idan yaron bai iya haɗa baƙi ba tukuna, a fara da Hausa. Harshen da yake mafarki da shi ne, rubutunsa kuma yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba kamar Turanci da harafi ɗaya yake da murya uku ba. Wanda ya iya karanta Hausa ya riga ya san yadda karatu yake aiki, Turancin zai zo masa da sauƙi.

Yanzu ga inda nake ganin muka fi yin asara. Ka koyar yau, yaro ya gane sarai, jibi ka tambaya ya zuba maka ido kamar bai taɓa ji ba. Sai ka ce daƙiƙi ne, ko wasa ya yi masa yawa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kan kansa ya wallafa a 1885: abin da aka haddace yana zubewa da sauri a awannin farko da kwanan farko, daga nan zubar ta lafa, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Wato mantuwa halin ƙwaƙwalwa ce, ta kowa da kowa. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi har zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda labari ya sha bamban: masu maimaitawa sun riƙe kashi 40, waɗanda aka sa su lalubo da ka sun riƙe kashi 61.

Duk wanda ya zauna gaban alaramma zai yi murmushi. Ai wannan shi ne kifa allo ka kawo hadda, shi ne tishi, shi ne tilawar baya kafin a yi sabon ɗori. Abin da za a ƙara kawai a karatun boko shi ne kada a tsaya ga maimaita lafazi. Rufe littafin, gaya mini abin da ya faru da bakinka. Me ya sa ya yi haka? Na jiya fa? Na makon jiya fa? Kuma dubi wata fa'ida: wannan ba ya buƙatar mai tambayar ya yi boko. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya cewa, tana tankaɗe, "Zo ka ba ni labarin da ka karanta ɗazu, ban ji ƙarshensa ba." Ta yi aikin da malamin lesin da yawa ba sa yi. Haka lissafi: aike shi da dubu ɗaya ya sayo abu uku, ya faɗi canjin kafin ya fita ƙofa.

Sai babbar magana, wato yadda za a sa yaron ya so abin. Makamai biyu muka gada, bulala da alewa, kuma kowanne yana da ramin da yake jefa mai shi.

Malamin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali guda a cikin littafinsa Muƙaddima a kan cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su. Ya ce yaron da aka rena da duka da tilastawa ransa yana ƙuntata, kuzarinsa ya tafi, ya koma malalaci, ya koyi ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. Duk wanda ya ga yaro yana motsa baki a kan littafi idonsa na kan ƙofa ya san abin da malamin yake nufi. A makaranta ma yaro yana da inda zai gudu: ya dawo gida. To idan mai bulalar shi ne Baba, a gidan da yake kwana, ina zai je? Wannan ɓangare na gadon allo ba na cikin abin da za a aro.

Alewa kuma ta fi wayo wajen ɓarna. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka samu ƙananan yara masu son zane da kansu. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu aka ba su ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan 'yan kwanaki aka ajiye kayan zanen aka zuba ido. Waɗanda aka yi wa alkawari sun yi zanen kusan rabin lokacin da sauran suka yi. An mayar musu da wasa ya zama aikin lada, babu lada babu aiki. Ranar da ɗanka ya ce "Baba, in na gama nawa za ka ba ni?" ka san ka shiga wannan ramin. Lura da cewa kyautar ba-zata ba ta yi wannan illa ba. Saboda haka tsire a ranar da aka gama littafi babu laifi, ciniki kafin a fara shi ne matsala.

Abin da ke riƙe yaro da gaske, a iya abin da na gani, shi ne ya ga da idonsa cewa yana gaba. Tuna daɗin wanke allo. Babu wanda ya ba ka ko sisi, amma ka tafi da allonka a jiƙe kana jin kanka wani ne, domin jiya kana wannan sura yau ka wuce ta. Ka kai Sabbi ka san ka cika izu guda, a gidaje da yawa har 'yar sadaka akan yi. Karatun boko a gida ba shi da irin waɗannan matakala sai an gina masa. Littafin rubutu guda a riƙa sa kwanan wata a kowane shafi, bayan wata ɗaya a buɗe masa shafin farko ya ga yadda hannunsa yake a da. Jerin littattafan da ya gama, da rubutun hannunsa. Lissafin sau, a ja layi a kan wanda ya zauna. Wannan ita ce takardar da ta cancanci bango.

Yabo ma yana da nasa salo. "Kai ai mai ƙwaƙwalwa ne" yana da daɗin ji, amma binciken Mueller da Dweck na 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, don kada sunan ya ɓaci, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su samu sakamako mai ƙarfi haka ba, don haka ban ɗauke shi wahayi ba. Sai dai hankali ma ya yarda cewa "na ga ka kuskure ka koma ka gyara da kanka" ya fi gaya wa yaro abin da zai sake yi gobe. Abin da ba na shakka a kansa shi ne gori: "dubi ƙanwarka ta fi ka" bai taɓa sa wani yaro son littafi ba, sai dai ya sa shi tsanar ƙanwar.

A ba shi ɗan zaɓi kuma. Ba zaɓin a yi ko kar a yi ba, wannan an gama shi. Lissafi za mu fara ko karatu? A soro ko gindin bishiya? Sannan a tashi tun yana marmari. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ce yana gudun ya gundure su, kuma haka Annabi (SAW) yake zaɓar musu lokaci don gudun ƙosawa. Idan an ji wa sahabbai tsoron ƙosawa, ina ga ɗan shekara takwas da jadawalin sau bakwai?

Abin da gida ba zai iya bayarwa shi kaɗai ba shi ne abokai. Yaro da yawa ba don darasi yake son makaranta ba, don yara ne. Gida uku ko huɗu na layi ɗaya su haɗa nasu sau biyu a mako a soron wani, babba ya koya wa ƙarami, wanda shi ma bita ce a gare shi. Kuma a samu wani na waje da yaron yake jin nauyinsa. A Botswana lokacin korona an gwada aika wa iyaye lissafi ta saƙon tes, tare da kiran waya na kamar minti ashirin sau ɗaya a mako, a ƙaramar waya ba mai shafawa ba, kuma an ga lissafin yaran ya ƙaru. Kawu ko gwaggo da za ta kira kowace Asabar ta ce "karanta mini in ji" tana iya yin wannan. Babbar waya kuwa, akwai darussa kyauta irin na Nigeria Learning Passport da aka ƙaddamar a 2022, amma in ba a zaune kake kusa ba, ka san inda yatsa zai zarce.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: idan karatu ya dawo gida, 'ya mace ce take fara biyan kuɗinsa. Tana zaune da littafi za a ce tashi ki ɗauki ƙaninki, duba tukunya, miƙo wancan, yayanta namiji kuwa babu mai taɓa shi. Minti arba'in ɗin nan na bayan kumallo a haramta aike a cikinsa, ga kowa, ko da Hajiya ce ta aiko.

Ranar da yaro ya turje gaba ɗaya, kafin a kira shi malalaci a duba abu huɗu: ya ci ya ƙoshi, ya yi barci, jikinsa babu zazzaɓi, idonsa yana ganin rubutun ba sai ya kai hanci kan takarda ba. In duk lafiya, to galibi aikin ne ya fi ƙarfinsa kuma kunya ta hana shi faɗa. Ɗana na biyu ya yi kusan mako yana kamuwa da ciwon ciki daidai lokacin lissafi, ya warke da an rufe littafi. Da na daina faɗa na zauna na kalli yadda yake yi, sai na ga ɗebewa mai aro ce: 52 a cire 17, sai ya juya ya cire biyu daga bakwai ya rubuta 45, kuma haka yake yi tun aji biyu babu wanda ya lura. Muka ajiye littafin aji huɗu, muka samo tsinken tsintsiya muka ɗaure goma-goma da kyauro. Ɗauri biyar da tsinke biyu, na ce ba ni sha bakwai. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, sai dai in kwance ɗaya."